Da Goggoro Na Je a Auna Hankalina

Ina amarya na iso garin Greensboro na Amurka, a ƙarshen shekarun 1970. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin noma, muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki da falo, kujera biyu, tukunya ɗaya. A gida ni malamar firamare ce, lissafi nake koya wa 'yan aji shida a Funtuwa. A nan kuwa ba wanda ya damu da takarduna. Bayan shekara guda ina zaman kallon talabijin, na sami aiki a wani kamfanin ɗinka wandunan jins. Aljihun baya kaɗai nake ɗinkawa, daga safe har la'asar, kuma na ji daɗin aikin fiye da yadda na zata, saboda matan layinmu akwai barkwanci.

Wata safiya aka aike ni sito in ɗebo zare. Can sama, kan kantar ƙarfe, ake jera manyan bandir na yadin jins, kowanne kamar gungumen icce. Ina tsugune ina neman zaren sai na ji wani abu ya ce ƙas a bisa kaina. Ban ko sami damar ɗaga ido ba. Ƙafar kantar ce ta karye, bandir uku suka gangaro. Ɗaya ya goce mini kafaɗa, ɗaya ya haɗa goshina da siminti, na ukun ya wuce abinsa.

Cikin mako shida kafaɗa ta koma, aka warware ɗinkin goshi, likitan ƙashi ya ce na warke. Na koma aiki da murnata. Amma ranar farko, ina isa ƙofar siton nan, tsoro ya rufe ni, zufa ta karyo mini, na kasa shiga. Sau biyu ina barin keken ɗinki yana gudu in fice waje saboda wani ya yar da abu. A gida ma, in maƙwabtanmu na sama suka ja kujera, sai in ga ludayi a ƙasa ban san sa'ad da na sake shi ba. Ƙarshe dai shugabar layi ta ce in koma gida in huta.

A ƙasar nan, in mutum ya ji rauni a bakin aiki, akwai inshorar da ke ɗaukar magani da wani kaso na albashinsa har ya samu sauƙi. Sai dai ciwon da ba ya fitowa a hoton asibiti ba sa yarda da shi sai likitansu ya sa hannu. Shi ya sa wata rana wasiƙa ta zo. Maigidana ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa.

Na ce, "Malam, mene ne?"

Ya ce, "Likitan ƙwaƙwalwa suke so ki gani."

"Mai ɗaukar hoton kai? Ai an ɗauka."

"A'a. Wancan ɗin. Mai duba hankali."

Sai ya gyara murya ya ce, "Ni fa tun ranar da kika zuba sukari a miyar kuka nake tunanin kai ki." Na cire silifa na wurga masa, ya kauce, muka yi ta dariya har maƙwabta suka buga mana ƙasa, na zabura na faɗa jikinsa, dariyar ta ƙaru. Amma da ta lafa, tsoro ya shige ni. A wurinmu wanda aka kai wa irin wannan likita sunansa ɗaya ne, kuma ban so a liƙa mini shi ba.

Ranar da aka ba ni ta zo daidai da ranar da Malam zai gabatar da bincikensa gaban malamansa, ba halin ya raka ni. Sai na gaya wa mata biyu, kuma kuskurena shi ne ban gaya wa kowacce cewa na gaya wa ɗayar ba.

Ta farko ita ce Anti, matar wani farfesa, 'yar Damagaram. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, ita ce uwar duk amaren Hausawan garin, mu 'yan gidaje kaɗan da muke. Da na karanta mata wasiƙar ta waya, ta ce, "Bon. Ɗiyata, kar ki damu. Lokotoron nan yana ganinki zai san daga gidan mutunci kika fito. Ni zan shirya ki. Mahaukaciya ba ta ɗaura kallabi daidai, wannan kowa ya sani."

Ta biyu abokiyar aikina ce, baƙar Ba'amurkiya daga McLeansville, wani ƙauye a bayan gari, wadda kekenta ke kusa da nawa. Doguwa ce, mai murya kamar lasifika, ta kuma taɓa shiga irin wannan bincike lokacin da injin guga ya ƙona mata hannu. Da Turancinta mai ja ta ce mini, "Saurara, ƙanwata. Ki je da tsohuwar riga. Kar ki shafa komai. Kar ki yi murmushi. Abu mafi muhimmanci, in ya tambaye ki yaya kike, kar ki ce lafiya. Na san ki. Ranar da ake ɗaukarki a gadon asibiti jini na zuba, na tambaye ki, kika ce lafiya lau."

Na ce, "To me zan ce? In an gaishe ka ai amsawa kake."

Ta ce, "Ba gaisuwa ba ce. Rubutawa yake."

Da sassafe Anti ta iso da akwati. Ta fito da leshi ruwan gwal wanda ta ce sau ɗaya ta sa shi, da sarƙa, da awarwaro, da turare mai kama hanci. Ta zaunar da ni a tsakiyar falo ta shiga naɗa mini goggoro. Tana naɗawa tana ja da baya tana dubawa, tana ƙara masa tsawo, har sai da ya zama in zan shiga ɗaki sai na sunkuya. Na ce, "Anti, asibiti fa zan je." Ta ce, "Yi shiru, kina motsa mini kai."

Muna cikin haka aka yi hon a waje. Mutuniyar McLeansville ce da tsohuwar a-kori-kurarta, ta ɗauki hutun rabin yini don ni. Na buɗe ƙofa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama ta daɗe a can. Sai ta dafa bango ta ce, "Ya Ubangiji. Aure za ki yi ko diyya kike nema?"

Anti ta fito daga bayana, suka tsaya ido da ido. Nan aka fara. Wannan ta ce in na je haka za a ce ba abin da ke damuna, waccan ta ce in na je da tsumma za a kulle ni. Anti na Turanci haɗe da Faransanci, in ya ƙare mata ta juyo gare ni da Hausa: "Gaya mata, ɗiyata ba za ta je gaban Bature kamar wadda aka tsinto ba." Ni kuwa ina tsakiya ina fassara, ina rage wa kowacce kaifi. Da lokaci ya ƙure aka yi sulhu: a cire sarƙa da awarwaro, in ɗora tsohuwar rigar sanyin Malam a kan leshin, goggoro kuma ya zauna inda yake.

Haka muka cusu mu uku a gaban motar, ni a tsakiya, kaina a karkace saboda goggoron ya tokare rufi. Kowane rami muka faɗa sai ya nutse ya rufe mini ido, Anti ta ɗago shi. Tun daga nan dariya ta fara taruwa a cikina.

Ofishin likitan wani tsohon gidan jan bulo ne a bakin unguwar Irving Park, inda gidaje ke da faɗin fili da manyan itatuwa, ba ka ganin kowa a ƙafa sai mai yankan ciyawa. Motarmu tana tari tana hayaƙi muka tsaya tsakanin wasu motoci biyu masu sheƙi. A ɗakin jira akwai wani dattijo da abin tallafe wuya, da wata mata mai sanda. Duk suka bar mujallunsu suka koma kallon kaina.

Sakatariya ta kai ni wani ƙaramin ɗaki ta ba ni fensir da wani littafin tambayoyi masu ɗimbin yawa, kowacce in zaɓi gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Na zauna kamar mai jarrabawar fita firamare. Akwai masu ma'ana, kan barci da ciwon kai. Akwai kuma waɗanda na rasa inda suka dosa: ko ina son furanni, ko cikina yana ɗaurewa, ko ina jin ana maganata a bayan idona. Wannan ta ƙarshen na daɗe a kanta, domin a daidai lokacin ina jiyo muryar Anti da ta mutuniyata ta bango, kuma maganata suke yi. Na zaɓi gaskiya ne. Na kifa kai a tebur na yi dariya ba sauti har hawaye ya ɗiga a takardar.

Bayan fiye da awa guda aka shigar da ni wurin likitan. Na zaci zan ga ƙato mai farar riga da allura. Sai na tarar da wani ɗan tsamurmurin tsoho mai sanƙo, da tabarau a ƙarshen hanci, takalminsa ɗaya igiyar a kwance. Ya nuna mini kujera kusa da taga, ya zauna da littafin rubutu a cinya. Ya ce, "Yaya kike yau?"

Na ce, "Lafiya lau."

Kafin in rufe baki na ga alƙalaminsa ya motsa. Na ce, "A'a, tsaya! Kar ka rubuta wannan. An hana ni faɗa."

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Wa ya hana ki?"

"Ƙawata. Tana waje."

Ya rubuta wannan ma. Na toshe baki da gefen rigar sanyi.

Ya tambaye ni ranar mako, da sunan garin da muke, da wanda ke mulkin ƙasar. Na amsa, na ƙara masa da cewa na ga shugaban a wani tsohon fim a talabijin, tun yana ɗan fim, yana kan doki. Ya ba ni kalmomi uku in riƙe. Sannan ya ce in fara daga ɗari in dinga cire bakwai. Allah sarki, bai san wadda ya samu ba. Na gyara zama na ce casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara, na zubo su kamar ana buɗe famfo, na isa biyu, na zarce ƙasa da sifili. Ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Na lura leɓensa yana motsi, yana bin lissafin a baya, bai iso ba tukuna. Na ce, "Sittin da biyar ne bayan saba'in da biyu, likita." Ya ce ya gode.

Daga nan ya fito da wasu kwalaye masu zanen tawada, kamar an zubar da ita an ninke takardar. Ya ce in faɗi abin da na gani. Na farko na ce ƙodar rago ce an tsaga ta biyu. Na biyu, mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Ya tambayi mene ne turmi, na tashi tsaye na nuna masa da hannu, goggoro yana rawa. Na uku na ce ƙanzon tuwo ne a gindin tukunya. Na huɗu hanta. Ya ajiye kwalin ya ce, "Kin karya kumallo kuwa?" Na ce ban samu ba, ana ɗaura mini kai. Wannan karon shi ma sai da ya yi tari don ya ɓoye dariya.

A raina na ce shi ke nan, na ci jarrabawa, kuma na faɗi. Na nuna masa hankalina garau, Anti za ta ji daɗi, inshora kuma za su ce in koma sito gobe. Ya tambaye ni labarin haɗarin, na ba shi a gajarce ina murmushi, kamar labarin wata ce daban. Ya ce ina jin tsoro? Na ce kaɗan-kaɗan, ba wani abu ba ne.

Rana ta juyo tana dukan fuskata ta taga. Ya lura, ya tashi ya jawo labulen, irin mai naɗewa sama a jikin sanda, ya koma ya zauna. Bai kama da kyau ba. Yana buɗe baki zai yi wata tambaya, labulen ya ƙwace ya naɗe da ƙarfi, fat-fat-fat, daidai bisa kaina.

Ban san abin da ya faru a tsakani ba. Na dai tsinci kaina a ƙarƙashin teburinsa, hannuwana a kan ƙeya, gwiwoyina a ƙirji, haƙorana suna haɗuwa. Goggoro yana can tsakiyar ɗaki a tsaye shi kaɗai, bai ko warware ba. Ashe na yi ƙara, don ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Anti ta faɗo tana salati, mutuniyar McLeansville a bayanta da jaka a ɗage tana cewa, "Me ka yi mata?" Sakatariya na biye tana roƙonsu su fita.

Likitan bai kula su ba. A hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sauko ya zauna dirshan a kan kafet, ɗan nesa da ni. Ya ce, "Labule ne. Laifina ne, ya daɗe da lalacewa. Ba abin da zai faɗo. Ki zauna nan iya son ranki."

Na leƙo na ga tsoho a ƙasa da sanƙonsa, na ga Anti ta ɗauki goggoro ta rungume kamar jariri, sai dariya ta ƙwace mini. Ina dariya ina kuka, na kasa raba su. Ya sa matan suka koma waje, ya miƙo mini ruwa. Ya ce, "Sau nawa irin wannan ke faruwa a mako?"

A nan ƙarƙashin teburin na gaya masa komai. Na gaya masa na daina shiga babban kanti saboda kayan da ake jerawa sama. Na gaya masa ina kauce wa bin ƙarƙashin gada, har Malam ya koyi wata hanya mai nisa zuwa masallacin da muke haɗuwa ranar Juma'a. Na gaya masa ƙarar nan ta ƙas tana dawo mini ko ina sallah, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Malam ɗin. Bai rubuta komai ba sai da na gama. Ya ce abin da ke damuna sananne ne, yana ganinsa wurin sojojin da suka dawo daga yaƙi da mutanen da suka yi haɗarin mota, kuma ba hauka ba ne, jiki ne ya tsorata bai samu labarin cewa an wuce wurin ba. Kafin in fita ya tambaye ni kalmomi ukun nan. Na kawo biyu. Ta ukun har yau ban tuna ba.

Muka shiga mota muka fita daga unguwar. Sannan mutuniyar McLeansville ta ce, "Shekara goma sha ina ba mutane shawara kan likitocin nan, ban taɓa tunanin shiga ƙarƙashin tebur ba." Anti ta nemi in fassara. Da ta ji, ta bugi cinyar matar, suka fashe tare, har sai da aka gangara gefen titi aka tsaya. Daga nan ba gida muka nufa ba. Mutuniyata ta kai mu McLeansville, gidan mahaifiyarta a tsakiyar gonaki, tsohuwar ta soya mana kifi da burodin masara. Anti ta bi bayan gida ta gano kuɓewa a lambu, ta yi ta ihu kamar ta ga 'yar'uwa, aka cika mata leda. Kafin mu tafi, ta zaunar da mutuniyata a baranda ta naɗa mata goggoron, tsohuwar tana tafi.

Da yamma na ba Malam labari. Ya yi dariya har ya zame daga kujera, amma da na zo kan abin da na gaya wa likita sai ya daina dariya. Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Na ce kunya nake ji. Ya ce, "Ni ma na gani, na rasa ta inda zan fara." Ya tashi ya dafa mana shayi, ya ƙona madarar.

Bayan mako uku rahoton ya fito, shafi huɗu. Likitan ya rubuta cewa ciwona na gaske ne kuma daga haɗarin ya samo asali, ya nemi a ba ni hutu, a biya mini zama da mai ba da shawara, in na koma kuma a sa ni sashen da ba kaya a sama. Ya kuma rubuta cewa na zo cikin shiga mai kyau ƙwarai. Wannan layin Anti ta sa aka karanta mata sau uku. Inshora suka ɗan ja ƙafa, sannan suka amince.

Mai ba da shawarar wata mata ce mai sanyin murya, ina zuwa wurinta duk Talata. Ta koya mini jan numfashi da sakin jiki gaɓa-gaɓa, daga yatsun ƙafa zuwa wuya, ta kuma ba ni kaset mai muryarta in dinga sa wa a gida. A hankali na fara shiga kanti, na fara bin gada. Kafin shekara ta zagayo na koma aiki a sashen ninke kaya.

Kaset ɗin kuwa Malam ne ya fi ni cin moriyarsa. Lokacin da ya kusa kare kundin digirinsa, hankalinsa ya tashi, ya daina cin abinci sosai. Wata Asabar da hantsi na ce ya zo ya gwada. Ya ce shi ba ya buƙata, amma zai kwanta don ya taya ni. Muka miƙe a kafet, muryar matar ta ce mu saki yatsun ƙafa, mu saki idon sawu. Ba ta kai gwiwa ba na ji minshari. Na kashe rediyon, na lulluɓe shi da zane, na tafi kicin na ɗora wake. Sai bayan azahar ya farka, ya ce shi fa bai ga wani amfanin abin ba.